Gindin Tukunya Na Ete Orok Ne

Duk wanda ya zauna a Obio Oko ya san Ete Orok bai taɓa yaba girkin matarsa ba. Sun daɗe tare har sun aurar da 'yarsu, sun binne iyayensu, kansu ya yi fari fat, amma ko da kuskure bakin mutumin nan bai taɓa furta "ya yi daɗi" ba. In Mma Nkese ta ajiye masa miyar ganyen afang sai ya ce manja ya yi yawa. In ta rage manjan ya tambaya ko an mai da shi akuya ne da za a tara masa ganye tsura. Yana faɗa yana suɗe kwano, kafin ka ankara ya miƙo a ƙara masa. Ita kuma ba ta barin ta kwana, amsarta ɗaya ce kullum: "To ajiye mana, wa ya roƙe ka?" Maƙwabta sun saba da abin, har ya zama in la'asar ta yi ba a ji muryarsu ba sai a leƙo a ga ko lafiya.

Agwagwa yake kiranta, kuma sunan yana da asali. Ranar da aka fito da ita daga ɗakin ɓoyo, inda ake kiwata 'yan mata a koya musu girki da rawa, shi ne a kan babbar ganga, saurayi siriri mai ji da kansa. Ta yi rawar ekombi, ta sunkuya tana kaɗa jiki kamar yadda ruwa ke zuwa ya koma, har tsofaffin mata suka miƙe suna guɗa. Da aka watse sai gogan ya gaya wa abokansa wai ya taɓa ganin agwagwar da ta fi ta iya juya ƙugu. Maganar ta isa kunnenta kafin ta cire duwatsun wuyanta. Ta taka har gidansu ta tsaya a ƙofa ta ce ya fito ya nuna mata agwagwar. Bai nuna ba dai, amma ba a jima ba iyayensa suka kai bammin neman aure gidansu.

To wannan daminar da ta wuce, ana tsakiyar wani biki, hannunsa na hagu ya zame daga kan fatar ganga ya ƙi komawa. Mutane sun ɗauka wani sabon salo ne, sai da suka ga ya karkace gefe guda. Shanyewar ɓarin jiki ce. Aka sa shi a kwalekwale aka kai shi asibiti a Kalaba, da aka sallame shi kuma 'yarsu Ansa, wadda ke ɗinki a can, ta riƙe shi a gidanta saboda kusa da masu motsa masa hannu da ƙafa. Mma Nkese ta zauna da su har sai da gwiwoyinta suka kumbura don hawa bene. Ansa ta lallaɓa ta ta koma gida ta duba gonar gwaza da awaki, ta ce da ya ɗan samu sauƙi za ta kawo shi da kanta.

Ana nan sai Ansa ta kira ta a waya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mma, Papa ba ya cin abinci."

"Wane iri kike ba shi?"

"Babu wanda ban gwada ba. Koko, ruwan kifi, ayaba dafaffa na murƙushe. Cokali biyu ya kau da kai. Likita ya ce haɗiyarsa lafiya lau, a ba shi duk abin da ransa ke so. To ran nasa ne ba ya son komai. Duk ya zube, Mma."

"Me yake cewa game da girkin naki?"

"Ba ya cewa komai. Sai dai ya ce ya gode."

Mma Nkese ta nemi kujera ta zauna. Ramar ba ta tsorata ta ba kamar wannan godiyar. Mutumin da ya taɓa kushe abincin gidan fasto a gaban matar fasto, yau shi ne ake ba koko ya ce ya gode? Ta san mijinta, ta kuma san irin mutanen da suke fara yi wa kowa ladabi haka nan: waɗanda suka fara tattara kayansu ne a zuci. Ta ce da Ansa kada ta ɗora komai gobe, tana nan tafe.

Gari na wayewa tana gona. Ta tono gwaza masu jan ciki, ta tsinko ganyen gwaza sababbi waɗanda ba su gama buɗewa ba, ta haɗa da doya guda. A bakin ruwa ta tsaya wajen matan da suke fitowa daga taɓo da kwanduna, ta zaɓi mfi, ƙananan dodon koɗin nan baƙaƙe masu dogon kwanso, ta sa aka juye mata na ƙasan kwando don sun fi ƙiba. Ta ɗauki busasshen kifi da jatan lande daga kan ragayarta, da manjan da ta tace da hannunta. Daga ƙarshe ta sauko da baƙar tukunyarta, wadda ta zo da ita gidan aure, ta ɗaure ta cikin tsohon zane ta ɗora a kai.

Mai kwalekwale yana hango ta ya fara dariya. Ɗan ƙawarta ne, tun yana tsirara ta san shi.

"Mma, hijira za a yi? An ce miki babu tukunya a Kalaba?"

"Akwai gwangwanaye. Matsa in wuce."

"Ita ma sai ta biya kuɗin kujera fa."

"Ta girmi uwarka. Ka taɓa ganin an karɓi kuɗi a hannun kaka?"

Fasinja suka kwashe da dariya, wata mai tallan kifi ta gyara mata wuri a tsakiya inda ruwa ba ya fallatsowa. Ruwa ya cika a lokacin, ya rufe saiwoyin itatuwan gaɓa, inji ya tashi suka bi ta ƙaramar mashiga kafin su faɗa babban kogi. Matuƙin ya kunna 'yar rediyonsa da ke rataye a ƙusa, kiɗan ekombi ya cika kwalekwalen, mai kifin nan ta fara kaɗa kafaɗa a zaune. Can sai ya waiwayo ya ga fuskar Mma Nkese, ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi," in ji ta. "Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Mma." Ya janye hannunsa, sannan ya ce, "Yaya jikin Ete? Bikin ƙanwata yana nan bayan Kirsimeti. Tsohuwa ta ce in ba shi zai zauna a kan ganga ba, gara a ɗaga."

"Ka gaya mata kada ta ɗaga komai. Ko da hannu ɗaya ne ya fi wannan mai buga rediyon naka, ji yadda yake gudu kamar an biyo shi."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali, amma hannunta yana kan tukunya, ta riƙe ta gam. Har suka hango rufin gidajen Kalaba a kan tudu ba ta sake ta ba.

Ta same shi zaune a bakin taga cikin kujera mai hannu, an lulluɓe masa ƙafa, an ɗaura masa tawul a wuya. Rigar da ke matse shi a da yanzu sai lilo take yi a kafaɗarsa. Bakinsa ya ja gefen hagu, hannun nan yana kwance a cinya yadda aka ajiye shi. Ta tsaya a ƙofa da kaya a kai tana jira ya ce wa ya kira agwagwa birni, ko ya ce kwalekwale bai nutse da wannan nauyin ba. Ya ɗago ya dube ta, ya yi ƙoƙarin gyara bakinsa.

"Sannu da zuwa, Eka Ansa," ya ce a hankali, kalmomin suna jan ƙafa. "Kin sha hanya. Na gode."

Eka Ansa, wato uwar Ansa. Haka baƙi ke kiranta, da dattawan coci. Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta amsa gaisuwa, ta taɓa goshinsa, ta wuce baranda ta baya ta sauke kaya, ta tsaya ta ba ƙofa baya na ɗan lokaci. Da ta juyo idonta ya yi ja, ta ce da Ansa hayaƙin injin kwalekwale ne, ta kawo mata wuƙa da magogi.

Shi ekpang, naɗin gwazar nan cikin ganye da ta zo dafa masa, ba abincin mai gaggawa ba ne, shi ya sa ba a yi wa kowa sai wanda ake so. Ansa ta rufe shago ta ɗaura zane, suka zauna uwa da 'ya a kan kujerun tsuguno. Suka feraye gwaza, suka shafa manja a hannu don ƙaiƙayi, suka goge ta har ta zama ƙulli mai danƙo, aka goga doya kaɗan a ciki. Mma Nkese ta ɗauki mfi ɗaya bayan ɗaya tana datse musu wutsiya da bayan wuƙa, don in ba a datse ba ko za ka tsotsa har kunnenka ya toshe naman ba zai fito ba. Ta wanke su ruwa bayan ruwa har taɓon ya fita. Ta shafe cikin baƙar tukunya da manja, ta shimfiɗa mfi a gindinta har suka rufe ƙarfen, don su ne ke tare wuta kada ƙullin ya kama. Sannan aka shiga naɗi: a yagi ganye, a ɗiba ƙulli kaɗan, a naɗe siriri, a jera a kewaye a bar rami a tsakiya.

"Wannan fa?" Mma Nkese ta ɗaga wani da Ansa ta naɗa. "Matashin kai kike ɗinkawa?"

"Mma, ai duk ciki za shi."

"Ƙaramin yatsa na koya miki. Ji wannan, ko babban yatsan ƙafar ubanki bai kai shi ba. Ke da kike saka zare a allura."

"Ni dai bayana ya ƙage."

"Naki bayan? Yaushe aka haife shi?"

Ansa ta yi dariya, karon farko tun da uwar ta iso, amma nan da nan ta rufe baki ta dubi ƙofar ɗaki. Mma Nkese ta ga wannan. Suka ci gaba da naɗi har rana ta karkata, tukunya ta cika. Aka ɗora a kurfoti, aka zuba tafasasshen ruwa ta ramin tsakiya, aka bi da kifi da jatan lande da attarugu mai yawa. Ansa ta kai hannu ga muciya, uwar ta buge hannun. Ba a juya ekpang sai ya kama jikinsa, kowa ya san wannan, amma hannun 'yan birni ba ya zama wuri ɗaya. Da ya nuna ta ƙara manja da ɗoɗɗoya, ta kama kunnuwan tukunya da tsumma ta girgiza. Ƙamshi ya sauka har ƙasan bene, wata maƙwabciya ta ɗago kai ta tambaya ko suna aka yi ba a gaya mata ba.

A gidan Ete Orok akwai doka guda da ba a taɓa karyawa ba: gindin tukunya nasa ne. A nan mfi suke kwance sun sha manja da romon kifi, ga ɗan ƙanzo-ƙanzo a jikinsu. Kowa ya ɗibi nasa daga sama, shi kuma a kai masa tukunyar gaba ɗaya. Sai ya zauna a ƙofar gida ya ɗauki mfi ya kai baki, tsut, ya jefa kwanson a faranti ya yi ƙara. Har masu wucewa zuwa bakin ruwa suna jin sa, su ce yau an yi ekpang a gidan makaɗi. Yana tsotsa yana cewa gwazar ba ta tsufa ba, ganyen ya yi kauri, kifin na bara ne.

Mma Nkese ta buɗe tukunya, ta ɗauki faranti, sai ta tsaya. Bakin nan da ya karkace ya dawo mata a ido.

"Zai iya kuwa?" ta tambaya.

"Ban sani ba, Mma," in ji Ansa. "Ko koko ma zubowa yake ta gefe. In ya zubo sai ya rufe ido har in gama goge masa. Ba na so ya gwada ya kasa a gabanmu."

Nan fa ƙarfin halin da ta ɗauko tun daga Obio Oko ya tsiyaye. Ita ma ba ta so ta ga ya kasa. Ta ce a ba ta allura. Ta zauna ta tono mfi daga ƙasa, ta zaƙulo naman ɗaya-ɗaya ta tara, ta zubar da kwanson. Ta ɗibi ekpang daga sama inda ya fi laushi, ta danne shi da bayan cokali har naɗin da suka wuni suna yi ya baje ya zama fate, ta barbaɗa naman a kai. Duk cikin ƙauna ta yi shi, Allah ya sani. Ta ɗauka ta shiga, ta ja kujera kusa da shi, ta ɗebo a cokali ta hura.

Tun ƙamshin yana baranda hancinsa yake motsi, ta ga haka da ta shigo. Ya sunkuya ya leƙa farantin. Idonsa ya zagaya shi, ya sake zagayawa, yana neman abin da babu. Sannan ya dubi cokalin da ke hannunta, ya dubi tawul ɗin da ke wuyansa, ya mai da kansa jikin kujera.

"Kin sha aiki, Eka Ansa. Na gode. Ajiye, zan ci anjima."

Ta ajiye ta fito. A baranda ta tarar da Ansa ta juya fuska bango tana cin nata, ta rufe baki da tafin hannu tana tsotsar mfi a ɓoye kamar mai cin na sata.

"Me kike yi haka?"

"Kada ya ji ƙarar, Mma. Kada ransa ya sosu."

Mma Nkese ta tsaya ta kasa kunne. Sai a lokacin ta ji irin shirun da ke gidan. An cire wayar rediyo an naɗe don kada a saka kiɗa ya tuna da ganga. Keken ɗinkin da ke falo an rufe shi da zane. Ansa tana tafiya a kan yatsu, tana dariya a tafin hannu. Kowa yana lallaɓa shi, kowa yana yi masa magana da muryar gaisuwar makoki, shi kuma yana amsawa da irin ta. Ga ta ita ma, da ta ƙetaro kogi da tukunya a kai, ta zo ta cire masa kwanso ta dama masa abincin jarirai. Haushin kanta ya kama ta, irin haushin da ke sa ta ji ƙarfi a gwiwa.

"Kawo min tsumma," ta ce.

Ta kwashe na sama a wata roba, ta kama kunnuwan baƙar tukunya, ta tura ƙofa da ƙafa ta shiga. Ta dire ta a kan ɗan teburin da ke gabansa da ƙarfi har murfin taga ya amsa. Ta janye farantin faten ta miƙa wa Ansa ta baya ba tare da ta waiwaya ba. Ta ajiye farantin tasa babu komai a ciki, ta zauna ta gyara zane, ta wanke hannu.

"Tunda ka ƙoshi," ta ce, "yau gindin tukunya nawa ne. Tun ina amarya nake kallon ka kana cinyewa, ko tayi ba ka taɓa yi min ba. Allah ya kawo ranata."

Ta zura hannu ta ɗauko mfi mai ƙiba, manja yana ɗiga, ta kai baki. Tsut. Ta jefa kwanson a tasa ya yi ƙara. Ta ɗauko wani. Tsut. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai.

"Ashe abin da kake ɓoye min ke nan. Ansa, zo ki ji, ashe ubanki mugu ne."

Ansa tana bakin ƙofa da faranti a hannu, ta rasa inda za ta sa kanta. Ete Orok ya daina kallon taga. Idonsa yana bin hannun matarsa daga tukunya zuwa baki, daga baki zuwa tasa. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi. Ta san in ya sake ce mata ya gode, ba ta da sauran dabara, sai dai ta ɗaure tukunyarta ta zauna jiran abin da take tsoro. Ta kankaro ƙanzon gefe, wurin da ya fi so, ta ɗaga shi sama ta juya shi a haske kafin ta kai baki.

Hannunsa na dama ya taso daga kan kujera. Ya zo a hankali, ya shiga tukunya, ya lalubo mfi guda. Ya kai baki ya ja. Iska ta fice ta gefen da ya saki, ba a ji komai ba sai huci, manja ya gangaro masa a haɓa. Ansa ta yunƙuro da gefen tawul, Mma Nkese ta cafke zanenta ta baya ta riƙe. Ya sake ja, ya sake kasawa. Ya rufe ido, kuma a nan ne kullum yake tsayawa.

"In ba ka iyawa miƙo min," in ji Mma Nkese, bakinta cike. "Kada ka ɓata min mai ƙiba."

Ya buɗe ido ya harare ta. Wallahi harara ce sosai, irin ta da, har ta ji daɗinta a ƙashin bayanta. Ya fizge tawul ɗin wuyansa ya yar a ƙasa. Ya dubi mfi ɗin, ya juya shi, ya riƙe shi da yatsu biyu, ya kai baki, sannan ya sa ɗan yatsansa na tsakiya ya danne gefen leɓen da ya saki, kamar yadda yake danne fatar ganga in yana so ta canza murya. Ya tattara numfashi ya ja.

Tsut.

Ƙarar ba ta kai ta da ba, ko baranda ba za a ji ta ba. Amma naman ya fito. Ya daɗe yana taunawa, manja a haɓarsa, babu wanda ya goge masa. Ya haɗiye. Ya riƙe kwanson bai jefa ba, ya kai shi bakin tukunya ya ƙwanƙwasa, ya tsaya, ya ƙara biyu a jere, ya sake tsayawa. Duk ɗan Obio Oko ya san wannan bugun, da shi ake kiran mai rawa ta shigo fili. Kafaɗar Mma Nkese ta amsa tun kafin ta sani, ta sunkuya daga zaune ta kaɗa ta sau ɗaya, ta komo.

Ya jefa kwanson a tasa.

"Agwagwa," ya ce.

"Mene ne?"

"Barkono bai ji ba."

Attarugun da ta zuba a tukunyar nan ya isa ya sa soja kuka, ita kanta hancinta yoyo yake yi. Ta share hancin da bayan hannu.

"To ajiye mana," ta ce. "Wa ya roƙe ka?"

Bai ajiye ba. Ya sa hannunsa mai lafiya ya kama kunnen tukunya ya ja ta gabansa, ya kare ta da gwiwar hannu kada ta ƙara kai hannu. Ya ɗebo naɗin ekpang guda ya ɗaga, ya ƙare masa kallo, ya tambaya wa ya naɗa wannan matashin kai. Ansa ta fashe da dariya da kuka a haɗe, wannan karon ba ta rufe baki ba. Mma Nkese ta dafa gwiwa ta miƙe, tana cewa ita dai ta gaji da wannan mutum, ta ƙetaro kogi a banza, gobe da sassafe za ta koma wajen awakinta da suka san mutunci. Tana faɗa tana share ido da gefen zane, ta nufi baranda ta ɗauko masa barkono.